Goniyomita ta ce 95, bidiyo ya ce 104: wace lamba za a rubuta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni likitar fisiyo ce, ban daɗe da fara aiki ba. Ina da majinyaci da aka yi wa aikin sauya gwiwa makonni shida da suka wuce. Na auna naɗewar gwiwarsa da goniyomita (ma'aunin kusurwa mai hannu biyu da ake ɗorawa a kan gaɓa) yana kwance rigingine, na samu digiri 95. Na ɗauke shi bidiyo da waya yana janyo dunduniya, na saka a manhajar Kinovea, ta ba ni 104. Wata manhajar waya mai gano gaɓoɓi da kanta kuma ta ce 88. Wacce zan rubuta a fayil? Kuma za a iya dogara da bidiyo wajen auna iyakar motsin gaɓa, ko dai in tsaya a kan goniyomita?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambayarki biyu ce a haɗe: wace lamba ce ta gaskiya a cikin ukun nan, sannan ko bidiyo ya kai ya zama ma'auni a asibiti. Ta farkon ba ta da tsawo. Ki rubuta 95, ki kuma rubuta kusa da ita cewa da goniyomita aka auna, yana kwance rigingine, da kuma ko shi ya naɗe ƙafar da kansa ko ke kika tura masa. Goniyomita tana kuskure, sosai ma, amma a cikin ukun ita kaɗai ce kika san yadda aka yi lambarta ta fito, kuma irinta likitan tiyata ya saba karantawa. Ta biyun ce ke buƙatar zama. Bidiyo yana iya kamo goniyomita, a wasu ayyukan har ya wuce ta, sai dai kusan duk ingancinsa an riga an yanke shi tun kafin a danna maɓallin ɗauka.

Dabarar tsohuwa ce. Tun a shekarun 1880 Étienne-Jules Marey a Faransa yake sa wa mutum baƙaƙen kaya masu fararen layuka a kan hannu da ƙafa, ya ɗauki hotunansa a jere yana tafiya, sannan ya bi layukan ya ga yadda gaɓoɓi ke motsi. Abin da manhajoji irin su Kinovea da Dartfish da Tracker suke yi a yau bai yi nisa da wannan ba: a ba manhaja ɗigo uku a kan hoto, ta ja layi biyu, ta faɗi kusurwar da ke tsakaninsu. Ba ta san ƙashi ba, ba ta san gwiwa ba. Lissafinta kuwa ba ya goce wa. In lamba ta fito a karkace, a tuhumi hoton ko ɗigon.

Kafin mu yi nisa, ki koma ki duba 88 ɗin nan. A asibiti miƙaƙƙiyar gwiwa sifiri ce, daga nan ake ƙirga naɗewa har zuwa wajen 135 a lafiyayyen mutum. Manhajoji da yawa kuwa kusurwar da ke tsakanin cinya da ƙwauri suke bayarwa, inda miƙaƙƙiyar ƙafa take 180. In haka manhajarki take yi, 88 ɗinta na nufin naɗewar digiri 92, ga ta nan dab da 95 ɗinki. Ruɗanin ya fi ɓoyewa a kusa da 90, domin a nan lambobin biyu suke kama da juna. Da gwiwar tana 30, manhaja ta ce 150, ba wanda zai ruɗe. Gwajin mai sauƙi ne: ki ɗauki wani da ƙafarsa a miƙe, ki ga ko sifiri za ta ce ko 180. Akwai kuma wani tarko a ɗaya ƙarshen: kusurwar ɗigo uku in ta ce 175, tana iya zama saura biyar gwiwa ta miƙe, tana iya zama ta zarce miƙewa da biyar, kuma ba kowace manhaja ke rarrabe su ba.

Inda aka tsaya da kyamara

Nan ne nake zargin 104 ɗinki ta fito. Hoto yana da tsawo da faɗi, ba shi da zurfi, don haka abin da ake aunawa a kansa surar ƙafar ce kamar yadda ta faɗo wa idon kyamara. Ki buɗe almakashi ki riƙe gaban fitila, ki ɗan juya shi ba tare da kin taɓa bakinsa ba: inuwarsa a bango za ta tsuke ko ta buɗe, shi kuwa yana nan yadda yake. Haka gwiwa take a bidiyo.

Mu sa lamba a kai. Majinyaci yana rigingine, gwiwa a naɗe daidai 90, cinya da ƙwauri kowanne ya jingina da digiri 45. In kyamara tana daidai gefensa, a tsayin gwiwar, 90 za ta gani. In kika gusa wajen ƙafafunsa ko wajen kansa da digiri 10, za ta ga naɗewar kimanin 91, ba abin damuwa ba ne. A digiri 20 ta zama kusan 94. A digiri 30 ta kai 98, saboda nisan da ke tsakanin ƙugu da dunduniya ya gajarce a hoton, tsayin gwiwa daga gado kuwa bai sauya ba. In kuma kina tsaye ne kina leƙo shi daga sama da digiri 30, abin sai ya juye: tsayin ne zai gajarce, 90 ta koma 82. Ƙafa ɗaya, daƙiƙa ɗaya, bambancin digiri 16 tsakanin masu ɗauka biyu. Mutum mai riƙe da waya a hannu, a ɗaki mai ƙunci da gado a jikin bango, karkatar digiri 20 zuwa 30 ba ya ma jin ya yi ta.

Ko da kyamarar ta zauna daidai, ƙafar kanta tana iya barin layi. Wanda gwiwarsa ta sandare tana ciwo, in ya zo ƙarshen naɗewa yakan sake ta ta kwanto waje, ko ya ɗaga ƙugu ɗaya. Da goniyomita hannunki yana bin ƙafar duk inda ta yi. Kyamara tana nan inda aka kafa ta.

Yadda nake yi a aikina: waya a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, idonta a tsayin gaɓar da za a auna, gaɓar a tsakiyar allo, ƙafar da ake aunawa ita ce ta kusa da kyamara. Ina ja da baya mita uku ko fiye in ɗaki ya ba da hali, in jawo hoton da idon waya mai jawowa, domin daga nesa bambancin zurfi tsakanin ƙugu da idon sawu ba ya tasiri sosai. Idon nan mai faɗi da ake rubuta wa 0.5 kada ki kusance shi, yana lanƙwasa miƙaƙƙen layi a gefen hoto. Ina manna filasta a ƙasa inda ƙafafun sandar suke, in manna wani dogo a kan gado wanda dunduniya za ta bi, in ce wa majinyaci ƙoƙon gwiwarsa ya riƙa kallon rufi. Sannan akwai gwajin da nake so kowa ya riƙa yi, minti ɗaya ne: ki buɗe goniyomitarki a 90, ki tsayar da ita a kan gadon inda ƙafar za ta kasance, ƙafafunta biyu a ƙasa kanta a sama kamar gwiwar da aka naɗe, ki ɗauka, ki auna a manhajar. In ta ba ki 89 zuwa 91, kyamara ta zauna. In ta ba ki 96, gyara kafin majinyaci ya hau gado. A haka za ki tsayar da ita fa, kada ki sa hannu ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, domin a wannan tsayuwar 90 za ta ci gaba da nuna 90 ko da kin gusa gefe, sai ta yaudare ki.

Ɗigon nan uku

Na gwiwa kin san su: babbar turokanta, wato tudun saman ƙashin cinya a gefen ƙugu, tudun ƙashin cinya na waje a gwiwa, da idon sawu na waje. Da goniyomita yatsa ne ke lalubo su. A bidiyo ido ne kawai, ido kuwa ba ya ganin ƙashi ta cikin wando da kitse da kumburi. Ƙwaurin babban mutum yana kai santimita 40. In ɗigon idon sawu ya kauce da santimita 2, kusurwa ta kauce da kusan digiri 3. In na gwiwa ne ya kauce gaba ko baya da santimita 2 a ƙafar da ta kusa miƙewa, layuka biyun duka yake ja, kuskuren ya doshi 6. Gajeren sashe ya fi muni: daga idon sawu zuwa gindin ƙaramar yatsa bai wuce santimita 13 ko makamancin haka ba, santimita 2 a nan ta kai digiri 9, alhali duk ɗagowar ƙafa sama a idon sawu wajen digiri 20 ce. Shi ya sa nake sakin jiki da lambar bidiyo a gwiwa da gwiwar hannu fiye da idon sawu da wuyan hannu.

Maganin shi ne a laluba da hannu, a manna sitika mai launin da ya fita daban da fata, kafin a ɗauka. Tun ranar gini ranar zane. Ɗigon da ba a sa a jiki ba, ba a iya ƙirƙiro shi a kwamfuta daga baya. Gajeren wando ya zama dole, kuma turokanta ta fito fili ko a manna a kan matsattsen kaya da ba ya zamewa. Sai dai sitika a fata take, fata kuwa tana zamewa a kan ƙashi, a cinya har santimita biyu ko uku in gaɓa ta yi babban motsi. Wannan matsalar har manyan ɗakunan bincike masu kyamarorin Vicon ko Qualisys ba su tsira daga gare ta ba. In iyakar naɗewa kike nema, ki sa shi ya naɗe tukuna, ki laluba a wannan yanayin, ki manna a nan. In kina son miƙewa ma, ki sake lalubawa a miƙe. Gwiwar da aka yi wa aiki makonni shida da suka wuce tana nan a kumbure, tudun ƙashin a nutse, saboda haka ki ba shi lokaci, kuma ki rubuta yadda kika gano shi don ranar dawowa.

Manhajojin da ke gano gaɓa da kansu

Irin ta ukun da kika gwada, galibinsu a kan ƴan injina kaɗan aka gina su. OpenPose daga Jami'ar Carnegie Mellon ta fito a 2017, tana sa ɗigo 25 a jiki. MediaPipe ta Google tana sa 33. An horar da irin waɗannan ne da ɗimbin hotunan yau da kullum waɗanda mutane suka zauna suka danna wa ɗigo da ido, kamar tarin COCO mai ɗigo 17, kuma masu dannawar ba su laluba ƙashin kowa ba. Abin da manhajar ke kira ƙugu shi ne inda ido ke zaton ƙugu yake a kan tufafi. A gwiwa da gwiwar hannu takan yi kusa, a ƙugu takan kauce, kuma kaucewar tana tafiya ne gefe guda, don haka maimaita ɗauka ba ya share ta. Ƙari a kan haka, yawancin hotunan horon na mutane ne a tsaye ko a zaune ko suna wasa. Mutum a kwance, rabin jikinsa a nutse cikin katifa, hannun likita a kan ƙwaurinsa, ƙafa ɗaya ta rufe ɗaya: nan ne suke rikicewa, wani lokaci su musanya hagu da dama na hoto ɗaya ko biyu. Duk manhajar da ba ta nuna miki inda ta ajiye ɗigonta a kan hoton, lamba kawai take miƙowa, ban ga dalilin saka lambarta a fayil ba.

Akwai mataki na gaba. OpenCap ta Jami'ar Stanford tana amfani da iPhone ko iPad biyu ko fiye, a daidaita su da allo mai zanen dara baƙi da fari, ta haɗa hotunan ta fitar da motsi mai zurfi, ta ɗora shi a kan samfurin ƙwarangwal na manhajar OpenSim. Da suka wallafa gwajinta a 2023, matsakaicin bambancinta da tsarin ɗakin bincike mai alamomi a jiki digiri 4.5 ne. Lamba ce mai kyau, amma a kan lafiyayyun mutane aka same ta, suna tafiya da tsuguno da tashi daga kujera da tsalle. Don naɗewar gwiwa ɗaya a kan gado, ta yi miki yawa.

Idan gaɓar tana cikin motsi

A nan ne bidiyo ya fi goniyomita nesa ba kusa ba. Majinyacinki yana iya ba ki 95 a gado, amma ya riƙa jan ƙafa a sandare in yana tafiya, alhali tafiya tana son gwiwa ta naɗe wajen digiri 60 lokacin da ƙafa ke sama, tashi daga kujera kuma ya ɗan haura 90. Goniyomita ba ta da ta cewa a nan.

Abu biyu ake yawan haɗawa wuri ɗaya: yawan hotuna a daƙiƙa, da tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe a kowane hoto. Na farkon shi ke sa kada a tsallake ƙololuwar motsi. 30 ta isa ga janyo dunduniya a hankali, 60 ga tafiya, gudu da tsalle kuwa 120 ko 240. Na biyun shi ke hana dishi-dishi. Ƙafar da ke gudun mita 4 a daƙiƙa, in ido ya buɗe na kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, ta yi tafiyar santimita 13 a cikin hoto ɗaya, sitikarki ta zama dogon shafe. A kashi ɗaya cikin 500 kuwa milimita 8 ce. Waya tana rage lokacin ne da kanta in haske ya wadata, saboda haka ƙara fitila yakan fi sauya waya amfani. Kuma ki ɗauko fayil ɗin asali. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo an matse shi, a tura shi a matsayin takarda ko ta kebul.

In kika bar manhaja ta bi sitika da kanta hoto bayan hoto, ki zauna ki kalla, takan saki ɗigo in hannu ya gifta ta gabansa. Layin kusurwar da zai fito yana da ɗan rawa, kuma tunda iyakar motsi ana samunta ne da cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma, tsalle ɗaya na kuskure ya isa ya kumbura ta. Ana tace rawar da matatar Butterworth, wato lissafin da ke cire saurin rawa ya bar asalin motsi. Ga tafiya an saba yankewa a wajen hats 6, wato a cire rawar da ta wuce sau shida a daƙiƙa, bin aikin David Winter, masanin binciken tafiyar ɗan Adam. In aka tsananta tacewa kuma sai ta aske ƙololuwar, lambar ta ragu.

Murɗawa ita ce raunin kyamara ɗaya. Juyawar ƙugu ko ta ƙwauri a cikin tafiya ba ta aunuwa daga gefe, kada ma a gwada. Sai dai a yi dabara: a zaunar da mutum gwiwa a 90, kyamara a gabansa, ƙwauri ya zama manuni ga juyawar ƙugu, ko a kwantar da shi, gwiwar hannu a 90, damtse a buɗe, kyamara tana kallon tsinin gwiwar hannun, sangalin hannu ya nuna juyawar kafaɗa.

Sauyin gaske da na ma'auni

Abin da ku da likitan tiyata kuke son sani shi ne ko gwiwar tana ƙaruwa. Saboda haka ma'aunin da ke kaucewa da digiri 3 kullum gefe ɗaya ya fi wanda yau ya ƙara 5 gobe ya rage 5 amfani. Ki zaɓi hanya ɗaya ki riƙe wa majinyaci ɗaya. 95 ta goniyomita a wannan mako da 104 ta bidiyo a mako mai zuwa za su nuna ci gaban da bai faru ba. Lokacin awo ma yana shiga ciki: in kin fara da goniyomita yana sanyi, kika ɗauki bidiyo bayan ya naɗe ya miƙe sau da yawa, wani ɓangare na tazarar daga nan ya fito.

A asibiti an saba cewa sauyin da bai kai digiri 5 ba, ba a gina magana a kansa. Kina iya gano naki adadin. Ki samu mutum goma zuwa ashirin waɗanda gaɓarsu ba ta sauyawa, ki auna su rana biyu daban, kowace rana ki sake kafa kyamara ki sake manna sitika daga farko. Sake danna ɗigo a bidiyo ɗaya ba gwaji ba ne, hannunki a kan linzamin kwamfuta kawai yake aunawa. Daga nan ki fitar da daidaitaccen kuskuren awo, wato lambar da ke nuna yawan kaucewar awo in an maimaita shi, ki ninka shi da 2.77, ki samu mafi ƙarancin sauyin da za ki amince da shi. In kuskurenki digiri 2 ne, sai sauyi ya kai 5.5. In kuma kina kwatanta bidiyo da goniyomita, ki bi hanyar Bland da Altman ta 1986, wato a duba tazarar da ke tsakanin awo biyun mutum bayan mutum. Ma'auni biyu suna iya hawa da sauka tare daram alhali ɗaya yana gaba da ɗaya da digiri 9 a kowane mutum.

Abin da ya rage wa hannu

Bidiyonki ba ya gabana, saboda haka abin da na lissafa dalilai ne da za ki bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ko an ɗauke shi yadda ya kamata, akwai abin da ba zai gaya miki ba: yadda ƙarshen motsin yake a hannu, ko taurin ƙashi ne, ko jan jijiya, ko majinyaci ne ya ƙanƙame don zafi. Gwiwa biyu suna iya tsayawa a 95, ɗaya ta buɗe da motsa jiki, ɗaya kuma tabon ciki ya riƙe ta har sai an duba yiwuwar lanƙwasa ta a ƙarƙashin allurar barci. Wannan shawarar ta likitan tiyata ce, kuma makonnin nan na farko ne lokacinta, don haka in awo biyu ko uku a jere suka tsaya cak, ki sanar da shi da wuri.

Sai batun amana. Bidiyon majinyaci da gajeren wando bayanan asibiti ne. Ki nemi izininsa a rubuce, ki yanke fuska daga hoton in ba a buƙatarta, ki kwashe fayil ɗin daga wayarki ta kanki wadda ke loda hotuna intanet ba tare da an tambaye ta ba. Kinovea a kan kwamfutarki take aiki, bidiyon ba ya fita. OpenCap da manhajojin waya da dama kuwa sukan tura shi can rumbunsu a sarrafa, don haka ki karanta sharuɗɗansu, ki kuma tambayi hukumar asibitinku kafin ki saka majinyaci a ciki.